Saura Moto Ɗaya, Injiniya

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina shago ina share garin katako da hannuna mai lafiya, yayarka ta shigo ba ko sallama, ta tsaya a bakin ƙofa. Kafin ta buɗe baki na gane. Allah ya karɓi abinsa a asibiti, bayan aikin cikin da aka yi maka, wanda aka ce mana ƙarami ne. Na Allah muke, kuma wurinsa dukanmu muka dosa. Amma Injiniya, ko a mafarki ban taɓa zaton ni zan yi maka ta'aziyya ba. Ni ne mai dogara sanda, ni ake kaiwa awon jini, ni dangi suke yi wa kallon tausayi idan an taru. Sai ga shi kai ka tafi da ƙarfinka, ni na rage.

Na auri yayarka kana ɗan makaranta mai kwance rediyon mutane ya kasa mayarwa. Tun lokacin na sa maka Mai Ɓata Rediyo, kuma ban daina ba har ka zama babba a masana'anta, injinan cika kwalabe da na naɗe kaya duk suna hannunka. Kai kuma ba ka taɓa kira na da wani suna ba sai Mijin Yaya. Kullum kana gaya wa mutane wai da allo ɗaya na yaudari gidanku: na sassaƙa wa mahaifinku sunansa a katako ya rataye a ƙofa, shi ke nan ya ba ni 'ya. Ban taɓa musa maka ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Sassaƙar alluna ita ce sana'ata tun ina saurayi. Sunayen gidaje, na ofisoshi, na shaguna, da kurfi da guduma nake fitar da su harafi harafi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ni, hannun dama ya tafi, sana'ar ta bi shi. Na koma zaman baranda. Masu dubiya su zo su ce sannu, Allah ya sawwaƙe, su tafi. Babban ɗana, cikin ladabi da kyakkyawar niyya, ya ce in rufe shago in huta, shi zai ɗauki nauyin komai. Ni dai na san idan aka sa wa shagon nan kwaɗo, ni ma an gama da ni.

Kai kaɗai ka zo ba ka ce mini sannu ba. Ka zauna a kan tabarma, ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Mijin Yaya, hannu ne ya shanye ko kai? In dai kan yana nan, tashi mu je shago." Ranar na ji haushinka ƙwarai, har na ce wa yayarka ƙaninta ba shi da ta ido. Ita ko dariya ta yi, wadda rabonta da yi tun kwanciyata.

Daga nan ka fara kawo ƙarafa. Duk ranar da ba ka da aiki kana shagona, ka tuɓe rigar fita ka rataye a ƙusa, kana aunawa kana ɗaurawa, har teburin inji ya tashi a inda bencina yake. Ka sa masa moto uku, irin masu tafiya taku taku: ɗaya yana kai bakin yankan hagu da dama, ɗaya gaba da baya, na uku sama da ƙasa, shi ke ba harafi zurfinsa. Ka koya mini zana haruffa a kwamfuta da hannun hagu. Na yi ta kuskure ina faɗa, kai kana cewa tsoho da kwamfuta sai haƙuri. Ranar da allon farko ya fito da irin lanƙwasar haruffan da nake yi da hannuna, na juya baya don kada ka ga idona.

Murnar ba ta daɗe ba. Aka kawo mini aikin allunan ƙofofin wani ɗakin shan magani, katako mai tauri. Inji ya fara daidai, can tsakiya sai haruffa suka soma karkacewa, suna hawa kan juna, shi kuwa yana ta aikinsa kamar ba abin da ya faru. Katakon mutane ya lalace. Na ce maka ɗan nan nawa ya fi mu gaskiya, a rufe kawai.

Ba ka yi gardama da ni ba. Ka zauna ka yi mini bayani yadda zan gane. Ka ce irin moton da ka sa, idan an umarce shi ya yi taku kaza, tafiya kawai yake yi. In katako ya yi masa nauyi ya zame taku ɗaya, bai san ya zame ba, akwatin da ke ba shi umarni ma bai sani ba, duk abin da ya biyo baya sai ya tafi a karkace. Ka ce kamar ɗan aike ne da ba ya dawowa da amsa. Akwai wani iri mai ɗan ido a bayansa, yana ƙirga juyin da aka yi da gaske yana sanar da akwatin. In an samu giɓi ya cike nan take, in abin ya fi ƙarfinsa ya tsaya cak ya kunna jar fitila.

Ka nemo guda biyu ka ɗaura a hagu da dama da gaba da baya. Ranar da injin ya fara tsayawa da kansa, jar fitila ta kama, na ɗaga murya na ce ga shi ka sake ɓata rediyo. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Bai lalace ba, gaskiya ya faɗa maka. Bakin yankan ne ya dakushe." Muka canza baki, ya ɗora daga inda ya tsaya, ko gezau layin bai yi ba. Tun daga ranar ban ƙara ɓata wa kowa katako ba, aiki ya dawo, ɗana ya bar maganar rufewa.

Na ukun ne bai samu ba. Ka yi odarsa, aka yi ta ce maka yana hanya. Kafin ya iso, duk ranar da zan yanka katako mai tauri sai ka biyo daga aiki, da gajiyarka, ka tsaya kusa da inji ka kasa kunne, yatsanka a kan maɓallin tsayarwa. Ni ban san ba ni kaɗai kake yi wa irin wannan ba sai a zaman makoki. Tela na ƙarshen layi, matar da ke da injin niƙa, masu famfon unguwa, kowa da labarin ranar da ka tsaya masa. Matarka ta ce ita dai ta saba ajiye maka abinci ya huce.

Da na je duba ka kafin a shiga da kai ɗakin tiyata, ka kama hannuna mara lafiya, wanda mutane suke kauce wa, ka ce, "Saura moto ɗaya, Mijin Yaya. Kada ka sa katako mai tauri sai na fito." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan an watse daga makoki, ɗana ya same ni a ɗaki. Ya ce, "Baba, yanzu wa zai riƙa duba injin nan? Ko a sayar ka huta?" Washegari matarka ta aiko a kira ni, ta ce tana so a yi allon da za a kafa a kabarinka, kuma ba ta son kowa ya yi sai ni. Ɗana ya ce a kai wani shago mai babban inji. Na ƙi.

Allon da zai sha rana da ruwa dole ya zama mai tauri, don haka na saɓa maka, Injiniya. Na zana sunanka, na kunna inji, na kasa kunne yadda na ga kana yi, amma kunnena ba naka ba ne. Motocinka biyu suka riƙe layi tsaf. Na ukun ya zame ban ji ba. Haruffan farko sun nutse sosai, daga tsakiya suka fara tasowa, na ƙarshe da ƙyar ya karci katakon. Na zauna gaban allon na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Na kai wa matarka don in ba ta haƙuri, na ce zan sake wani idan moton ya iso. Ta shafa haruffan da yatsa tun daga masu zurfi har inda suka ɓace. Sannan ta ce, "Yaya, bar shi haka. Inda ya tsaya ke nan."

Haka muka kafa shi. A hanyar dawowa na gaya wa ɗana ba zan rufe shago ba. Abokan aikinka sun ce za su ɗaura moton duk ranar da ya zo, kuma zan jira su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da yayarka da ta goye ka kana jariri kuma yau take kukanka, da abokan aikinka, da duk wanda ka taɓa tsaya wa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya raya abin da ka bari, ya shirya su. Ya Allah, bawanka ya ɗaga ni lokacin da na faɗi, ka ɗaga darajarsa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka haskaka shi, ka cika masa ladan aikin da bai samu ƙarasawa ba. Allah ya jiƙan ka, Mai Ɓata Rediyo, ya sa Aljanna ce makomarka. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.