Jinkar Rumbun Gwaggo

Ni masaƙi ne, ɗan masaƙi, amma idan aka ce in nuna aikin da ya fi faranta mini rai a duniya, ba zane zan ɗauko ba. Jinka ce guda ɗaya, wadda na yi don bakina ya riga hankalina.

A lokacin Nasara ba su iso Damagaram ba, ni kuma sabon aure, jini na tafasa. Ina da wani ciwo: ba a ambaton aiki a gabana in yi shiru. Ko rijiya aka ce za a yashe, kafin mai magana ya rufe baki na ce, "Na ɗauka."

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana zaune can ɗaya gefen Matameye. Mijinta ya rasu, ɗanta ya bi fatake Kano bai dawo ba. Duk abin da ta mallaka yana cikin rumbu ɗaya: geron da za ta ci har kaka, da irin da za ta shuka. A ƙarshen bazara gara ta cinye jinkar rumbun, guguwa ta zo ta ƙarasa ta. Gero ya zauna kai a buɗe, ga gajimare sun fara taruwa a gabas kowace la'asar. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya ruɓar da shi duka.

Ranar kasuwa Gwaggo ta tare tsohon da ke yi wa gari jinka, a gindin tsamiya, a gaban jama'a. Ya ce yana da uku a hannu, sai bayan kwana goma. Na ga idon Gwaggo ya kawo ruwa.

"Gwaggo, share hawayenki," in ji ni. "Na ɗauka. Kwana huɗu."

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, zare daban, ciyawa daban fa."

"Baba, ai duk ɗauri ne."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa kaina ya kumbura, na ɗauka yabo ne.

Na je na auna bakin rumbun da igiya har sau uku. Na saro sanduna, na samo ciyawar shuci da igiyar rama, na shige da su can tsakar gidanmu. Kowa ya san a fili ake ɗaura jinka, kusa da inda za a ɗora ta. Ni dai ba na son a ga kuskurena. Na kuma gargaɗi matata kada ta sa mini baki, wannan aikin maza ne. Ta ce to, ta ci gaba da dakanta.

Jinkar farko ta fito a karkace kamar hular mahaukaci, na warware. Ta biyu na jingina da ita don in huta, muka faɗi tare. Ta uku ta tsaya. Wayyo daɗi! Na shiga cikinta na fito, na sake shiga, na zaga ta ina rawa ni kaɗai, kaji na kallona. Na jera shuci layi bisa layi, na matse shi yadda nake matse zare, har yatsuna suka fashe ban ji zafi ba.

Rana ta huɗu bayan azahar na ɗaure tsininta, na kira matata ta zo ta ga aikin mijinta. Ta zaga ta a hankali, ta shafa.

"Madalla, maigida. Ta yi kyau ƙwarai. Ta ina za ta fita?"

Na dubi jinka, na dubi ƙofar zaure. Gidanmu katangar ƙasa gare shi, ta fi mutum tsawo ko ya miƙa hannu, ƙofar kuwa jaki da kaya sai ya matsa yake wucewa. Faɗin jinkar ya kai maza biyu a kwance.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun ranar da ka kafa sandan farko."

"Shi ne kika yi shiru!"

"Aikin maza ne," in ji ta, ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa.

Ina shirin yin fushi sai na ji rugugi daga gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ba kunyata kaɗai ke kan hanya ba, har da abincin da tsohuwa za ta ci har kaka. Na fita da gudu ba takalmi, na tarar da tsohon mai jinka yana tattara igiyoyinsa. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya tashi, ya tambaye ni faɗin ƙofar, ya sake zama.

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji shi yana share hawaye, "balle ya tsallakar da ita katanga. Tashi mu je."

Ya bi unguwa yana kira, maza suka fito, har da marina hannu shuɗi. Rabi suka shiga gida, rabi suka tsaya waje da gwafanni. Muka ɗaga, ta hau katanga, ta zauna a kai tana lilo, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na ciki na ihu a ja, na waje na ihu a tura. Iska ce ta raba gardama: ta hura ta waje, ta kife kan mutum uku da akuyar maƙwabci.

Muka shiga ƙarƙashinta muka ruga. Ba mai ganin hanya sai ƙafafun na gabansa, tsohon na gefe yana ihu, "Dama! Dama na ce, 'yan banza!" Mata na leƙowa ta kan danga suna shewa, wani jaki ya gan mu ya tsinke igiya. Dariya ta hana ni numfashi, ga tsoro na cina.

Da muka isa, tsohon ya ce wanda ya ɗaura jinka shi ke shiga rumbu ya karɓi kayansa. Aka cicciɓa ni na hau kan dammunan gero. Suka ɗaga ta da gwafanni, na jawo, na daidaita bakinta, ta zauna ɗas. Duhu ya rufe ni. Ina jin su suna ɗaure ta a gurguje, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kowa ya arce, aka manta da ni a ciki.

Na yi rarrafe ina lalube kowane layi da tafin hannu. Ruwa na ta duka a bisa kaina. Sai na ji muryar Gwaggo daf da rumbun.

"Ɗan nan, tana yoyo?"

"Ko ɗigo babu, Gwaggo! Shiga ɗaki, za ki jiƙe!"

Ba ta shiga ba. Can ta sake tambaya, na sake ba ta amsa.

"Miƙo mini zangarniya ɗaya in taɓa."

Na zaro ɗaya, na tura ta ta ƙarƙashin bakin jinka, na ji hannunta mai sanyi ya karɓa.

"A bushe take," in ji ta. Sai ta rangaɗa guɗa, ita kaɗai a tsakiyar ruwa.