Neman Bodin Ingila a Guangzhou

Kano zuwa Hong Kong

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba Alhaji Mudi ya danna ham a ƙofar gidana. Yana da bas goma sha ɗaya a layin Kano zuwa Maiduguri, ni kuma shekarata ashirin ina ƙera bodin mota, bai taɓa ba ni aiki ba. A wurinsa bodi ɗaya ne a duniya, na wani tsohon kamfanin Ingila wanda ya hau motarsa yana saurayi. Da ya ji ana sayar da tsofaffinsu a Guangzhou sai ya tafi da ni, in riƙa shiga ƙarƙashin mota don kada babbar rigarsa ta ɓaci.

Daga Legas muka canja jirgi sau biyu. A Hong Kong ya ga bas mai bene ta wuce, ya cire hula.

Guangzhou

Jirgin ƙasa ya kai mu cikin awa biyu da 'yan mintoci. Issaka, mutumin zangon Kumasi mai tura kaya, ya sauke mu a wani masauki a unguwar Xiaobei. Muka ci taliya da naman tunkiya a shagon Musulmi. Alhaji ya nemi cokali, aka ce masa “meiyou”, wato babu, ya ci da hannu.

Kashegari ƙarfe takwas tasi ta kai mu wani gareji bayan gari, tafiyar minti hamsin. Mai wurin tsoho ne, Issaka na ce masa laoban, wato maigida. Tsohon ya ce a Hong Kong ya koyi aiki, lokacin da kamfanin ke turo bodi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna suna haɗawa. Issaka na fassara, ya ba mu tarihin kamfanin: da keken doki suka fara, suka koma bas, lokacin yaƙi suka yi wa soja motoci, daga baya aka yi ta sayar da kamfanin hannu zuwa hannu har aka rufe. Ya ji an ce kanti aka gina a filin. Alhaji ya ce hassada ce kawai.

Na shiga ƙarƙashin bas ɗin da ya zaɓa. Rabin awa ina ƙwanƙwasa ƙarfe, ina jan lokaci, don na san in na faɗi gaskiya yana iya barina a nan ba tikiti. Na fito na faɗa.

“Alhaji, duk jikin nan aikin tsohon nan ne. Abin da ya rage na Ingila wannan tambarin tagulla ne na bakin ƙofa.”

Laoban ya yi dariya, ya jawo durowa. Cike take da tambarin, sababbi fil, ƙaninsa ke buga su tare da maƙallan jakunkuna a garin Shiling.

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana juya shi. Sannan ya dube ni.

“Malam Sabo, za ka iya irin aikin tsohon nan?”

Na ce zan iya. Ya sayi tambari goma sha biyu, ko bas ɗaya bai saya ba.

Gida

Mun sauka Kano ranar Talata da la'asar. Wata tara na yi ina ƙera masa bodi, na ɗauki ma'aikata shida. Ranar da bas ta farko ta shiga tasha da tambarin Ingila a bakin ƙofa, na ji shi yana gaya wa direbobi cewa baƙin mutum ba zai taɓa iya wannan aiki ba. Ina tsaye a gefensa, aka tambaye ni, na ce lallai aikin ya yi kyau. Sunana yana nan can ƙarƙashin matakala, na rubuta da walda, inda sai makanike zai gani.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Issaka da tsohon nan. Turawan kamfanin ma ina gode musu, don tun da suka rufe ba su taɓa yin aiki mai ƙwari kamar na bana ba.