Rigar Ceto a Kan Jallabiya

A shekarata ta huɗu a jami'a a Madina, ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Harra ta Yamma ni da wani mutumin Yawuri. Nahawu ya kayar da shi sau biyu, sai ya haƙura da karatu, ya sami kafili, wato mai tsaya masa a hukuma, ya tafi Yanbu aikin tashar jiragen ruwa. Na tausaya masa irin tausayin da ke yi wa mai shi daɗi.

Bayan wata takwas ya dawo wata Alhamis da takarda mai hatimi, wai an koya masa kashe gobara a jirgi da saukar da kwalekwalen ceto. Mutanenmu da ke zuwa su tambaye ni ƙabli da ba'adi suka koma tambayarsa girman kifin Bahar Maliya. Ni da na haddace baiti dubu, na zama mai zuba musu shayi.

A nan ya ce kamfaninsu na neman mai Larabci da Hausa, wanda zai koya wa 'yan'uwanmu leburori dokokin tsira a teku, don ana karanta musu da Larabci suna gyaɗa kai kawai. Ya ce shi ma ya nema.

"Kai?" na ce. "Da wane Larabcin?"

"Da na kasuwa, Alaramma. Teku ba ta tambayar i'irabi."

Da hutu ya zo na bi shi Yanbu na nemi aikin. Ba don ina son teku ba; ni Bakatsine ne, ruwan da na sani na rijiya ne da na buta. So nake kawai kada ya samu.

Jarrabawar rubutu na gama ta kafin ya gama fiƙe fensir. Sai mudir, wato shugaban wurin, ya kai mu bakin ruwa, ya ba kowa rigar ceto, ya ce a saka a yi tsalle. Rigar tana da igiya da ake ratsawa tsakanin ƙafafu a ɗaure. Abokina ya tuɓe, daga shi sai gajeren wando. Ni kuwa na ɗora tawa a kan jallabiya, na ga in na ratsa igiyar nan sai na tattare jallabiyar har cinya a gaban leburori. Na bar ta tana lilo.

"Alaramma, ɗaura ta ƙasan."

"Ka ji da taka."

"Yalla, ya shaikh!" in ji mudir.

Na yi bisimilla na faɗa. Ni na yi ƙasa, rigar ta yi sama ta kama ni a kunnuwa, jallabiya ta rufe min fuska. Na sha gishiri har na ƙoshi. Wanda ya kamo ƙeyata ya ja ni bakin gaɓa, ba sai na faɗi ko wane ne ba.

Shi aka ba aikin. Ya shekara goma sha wani abu yana koyarwa, kuma an ce duk sabon ma'aikaci sai ya ba shi labarin "wani babban malami" da ya ji kunyar igiya. Bai taɓa faɗin sunana ba, kuma daga baya ba a sami mai barin tasa igiyar a kwance ba. Na rubuta littattafai uku tun daga lokacin. Babu wanda aka yi aiki da shi kamar wannan faɗawar tawa, ita ma ladarta shi ya kwashe.