Taƙi Biyu Bayan Layin Alli

Duk mai bin titin 125 a Harlem ya san teburin Yacouba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai furfura a gemu, mai sayar da laima in ana ruwa, hular sanyi da safar hannu in sanyi ya kama, tabarau in rana ta buɗe. Yini yake yi zaune a kan wani dogon akwatin alminiyon mai makulli biyu, ƙafarsa ta dama a miƙe samɓal a gabansa, har masu wucewa sai sun kauce mata. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Akwatin kuma tun asali ba don laima aka saye shi ba.

Mutumin Tasawa ne, can yankin Maraɗi. Kafin ya zo Amurka shekara goma sha tara ya yi yana jan tirela tsakanin Kwatano da Maraɗi, yau siminti, gobe shinkafa, jibi rodin gini. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa kayar da mota ba, kuma ba ya bari a manta. A da, in ana hira a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ko da kan tsadar haya aka faro, sai ya san yadda ya karkato da zancen har ya kai shi gadar Gaya, ta kan iyakar Nijar da Benin. Abokansa suka laƙaba masa Direban Tebur. Yana dariya tare da su, amma sunan na yi masa ciwo ƙwarai.

New York ba ta san da zaman lasisinsa na gida ba. Shekara goma sha bakwai ya yi a bakin tebur kafin takardunsa su daidaita. Jarrabawar lasisin manyan motoci sau biyu tana kayar da shi, ba don bai san mota ba, Turancin ne ya yi masa gardama. A karo na uku ya ci, yana da shekara hamsin da takwas.

Akwai sana'ar da ya daɗe yana hange. 'Yan Nijar da yawa suna sayen motoci a filayen gwanjo, su aika Kwatano ta ruwa, kuma dole sai an sami mai kwaso motocin ya kai su tashar jiragen ruwa ta Newark. Da babbar a-kori-kura ake aikin, a maƙala mata tirela mai ɗaukar mota uku. Ba arziki Yacouba ke nema ba. Abu ɗaya yake so kafin ƙarfinsa ya ƙare: ya sake kama sitiyari, ya ji nauyi a bayansa yana bin duk inda ya ce.

Ya sayi farar a-kori-kura, mai ƙofa huɗu, mai shan gas, sai dai bodinta gajere ne, ƙafa shida da rabi. Tun kafin lamba ta fito labari ya zaga cewa Yacouba zai riƙa zuwa Newark sau biyu a mako. Nan fa saƙo ya fara sauka. Kusa da tashar akwai sito inda ake cusa ƙananan kaya cikin kwantena, kuma ba Bahaushen da zai ji ɗan'uwansa zai bi ta can ya bar shi ya tafi hannu wofi. Wannan ta kawo madarar jarirai, wancan takalman 'yan makaranta, wani keken ɗinki, wata maganin hawan jini na mahaifinta. Falonsu da ke titin Grand Concourse a Bronx ya cika har ba wurin shimfiɗa darduma.

Balki, matarsa, ta tsaya a tsakiyar kayan ta riƙe ƙugu.

“Baban Hanan, mota ka saya ko gidan waya ka buɗe? Ka ce masu a'a mana, ko sau ɗaya.”

“Da wane bakin?” in ji shi. “Shekara shida Inna na kwance a Tasawa. Wa ya kai mata magani? Ba mutanen ga ba ne? Ko sau ɗaya ba wanda ya ce mini jakarshi ta cika.”

Gaskiya ya faɗa, Balki ma ta sani. Washegari ya sayo akwatin alminiyon ɗin nan, mai tsayi da faɗi, ruwa ba ya shiga, ɓarawo ba ya buɗewa. Ya ɗaure shi a cikin bodi, manne da bayan gidan direba. Kujerun baya kuma dama sun riga sun zama na saƙo.

Saura farantin da ake maƙala tirela. Wani ƙaton ƙarfe ne mai tsaga a tsakiya, ana kafa shi a cikin bodi, wuyan tirela ya hau kansa ya kulle. Yacouba na kiransa selet, yadda direbobin gida ke cewa. Ya kai motar garejin Moro a Hunts Point. Moro ɗan zangon Kumasi ne, gajere mai kauri, ba ya son dogon zance, kuma rabin masu wannan sana'a a Bronx shi ya ɗaura masu nasu.

Moro ya shiga ƙarƙashin mota da tef ɗin awo, ya nemo tsakiyar aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Ya fito ya hau bodi, ya auna, ya ƙara inci biyu zuwa gaba, ya ja layi da alli.

“Nan zai zauna, Alhaji. Kan aksul, ko gaba kaɗan. Amma bodinka gajere ne, sai ka sayi mai zamewa. Kan titi yana gaba a kulle. In za ka yi kwana mai tsanani cikin fili, ka ja hannu ya koma baya, wuyan tirela ba zai fasa maka gilashi ba. Akwatin nan kuma sai ya fita.”

“Akwatin bai hita.”

“In yana nan, kwanar farko wuyan tirela zai murƙushe shi.”

“To a ja selet ɗin baya. Taƙi biyu ya isa.” Ya buɗe tafin hannunsa ya auna a kan bodin, daga layin alli zuwa baya, sau biyu.

Moro ya nuna masa bencin da ke bakin gareji. Ya ce in mutum ya zauna a can ƙarshensa, bayan ƙafafun bencin, ɗaya gefen ɗagawa yake. Haka motar za ta yi. Nauyin mota uku zai danne bayan aksul, gaba ya ɗaga, tayoyin da ke juya mota su rage kama ƙasa.

“Sitiyarinka zai yi sakayau paa, ba nauyi ko kaɗan, Alhaji. Ranar da titi ya jiƙe za ka juya, mota ba zai ji ba.”

A nan ne girman kai ya shigo, kuma tausayinsa ba zai sa a ɓoye hakan ba. Yacouba ya dubi mutumin da bai taɓa haura gangaren Kandi na hanyar Kwatano da tan arba'in ba, yana koya masa nauyi da benci. Shi kuwa a hanyar da ya koyi tuƙi, duk ƙarfen da ke motsi lalatacce ne, walda ake yi masa a huta. Faranti mai zamewa, a ganinsa, wasan yara ne. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, a shekara goma sha tara ɗin nan kullum a kafe yake tarar da selet, kamfani ya riga ya zaɓa masa wuri. Sau dubbai ya ja da baya ya maƙala tirela, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa farantin ke nan ba can ba.

“Hannu ke tuƙi, Moro, ba alli ba.”

Moro ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu. “To ba da hannuna ba, Alhaji. Ka yi haƙuri.”

Yacouba ya kai motar wurin Ɗanasabe, wani mai walda da ke gyaran ƙofofin shaguna. Ɗanasabe bai taɓa ɗaura faranti ba, kuma ba a yi masa tarbiyyar yi wa babba musu ba. Inda aka nuna masa nan ya huda, ya ɗaure da manyan notuna har jikin ƙashin mota, ya bi da walda. Aiki ya yi ƙarfi, ba inda za ka kushe shi sai wurin da aka yi shi. Ruwan sama na farko ya wanke layin Moro.

Wata bakwai Yacouba ya yi yana direba. Ya koma sa farar riga, tafiyarsa ma ta canza. Ranar Juma'a ba wanda ya ƙara ce masa Direban Tebur. Mata na tare shi da godiya, an kira daga Tawa, an kira daga Damagaram, kaya sun isa. Balki ta ce tun da suka zo ƙasar nan ba ta ga yana cin abinci da daɗi kamar lokacin ba.

Amma tun ranar farko da ya ɗora mota uku ya ji abin da Moro ya faɗa. Sitiyarin ya yi sauƙi fiye da kima. In babbar mota ta wuce shi a kan gadar George Washington, sai gaban motarsa ya yi ɗan lilo kafin ya dawo. Ya sani, hannunsa ya gaya masa. Sai ya riƙa rage gudu tun kafin kwana, yana lallashin motar, yana ce wa kansa ai wannan shi ne gwaninta. Bai gaya wa Balki ba. A masallaci kuma ya daina tsayawa a sahun da Moro ke tsayawa. Sau biyu ya yi niyyar cire akwatin ya koma gareji, sau biyun kuma kafin ya fita daga gida wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙunshi a hannu.

Wata Talata ce cikin Nuwamba, kafin azahar. Ana yayyafi, irin wanda ba ya wanke titi sai dai ya sa shi santsi. Ya ɗauko mota uku daga gwanjo, ta gaban wata ƙatuwar jif ce, zaune daidai kan wuyan tirela. A gangaren da ke lanƙwasa zuwa hanyar tasha ya rage gudu kamar yadda ya saba, ya juya sitiyari dama. Sitiyarin ya juya a hannunsa kamar ba a haɗe yake da komai ba, motar ta ci gaba miƙe. Ya taka birki, tirela ta turo shi daga baya. Ya ga katangar kankare tana tahowa, ya yi salati, ya riƙe sitiyarin da hannu biyu har ta iso.

Ba wanda ya ji ciwo sai shi. Sai da aka yanka ƙarfe aka zaro ƙafarsa. Likitoci suka ceto ta, amma suka haɗe gwiwar da ƙarfe, ba za ta sake tashi daga totur ta koma birki ba. Jami'in da ya binciki hatsarin ya hau bodin da tef ɗin awo, ya rubuta a takarda abin da Moro ya faɗa da baki.

'Yan'uwa sun yi zumunci, ba a ce ba su yi ba. Sun cika ɗakin asibiti, da kunu, da farfesu, da addu'a. Sai dai bayan an gaisa an jajanta, akan sami wanda zai yi gyaran murya ya sunkuyar da kai.

“Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Ashe... kayan nan, ko an san inda suke? Maganin tsoho ne a ciki.”

Ba mugunta ba ce, tsohon na can yana jira. Yacouba ya juya fuskarsa bango. Kunya ce ta kama shi, ba fushi ba, don bai san amsar ba.

Moro ne ya kawo amsar. Ya zo rana ta biyar, ya zauna a bakin gado, bai ɗago maganar alli ba ko da wasa. Ya ce ya je filin da aka ja motar. Gaba ya murƙushe, injin ya shigo ciki, amma farantin na nan daram inda Ɗanasabe ya kafa shi. Akwatin kuwa gefe ɗaya kawai ya ɗan lotsa. Ya kwance shi, ya kai kayan sito da kansa.

“Ko ɗaya bai jiƙe ba, Alhaji.”

Yacouba ya ce, “Alhamdu lillahi.” Sannan ya ja mayafi ya rufe fuskarsa, Moro ya tashi ya fita don ya ba shi wuri.

Da sanyi ya wuce, Yacouba ya koma titin 125, wurinsa na da. Akwatin ya zama ma'ajiyar laima, ya zama kujera. Ba mai ce masa Direban Tebur yanzu, kuma rashin tsokanar ya fi tsokanar ciwo. Shi ma ya daina zancen gadar Gaya.

Wata rana wata baƙuwa mai suna Tahiratu, ba ta daɗe da zuwa daga Agadas ba, ta tsaya a gabansa da ƙunshi naɗe da salatif, an rubuta suna da lambar waya a jiki. Wanda ya kwatanta mata shi bai ba ta labarin duka ba.

“Ina wuni, Baba. An ce kai ne mai kai saƙo Newark.”

Hannunsa har ya ɗaga zai karɓa. Ya dube shi, ya mayar da shi kan cinya.

“A'a, ɗiyata. Ba ni kai saƙo.”

“To, ba komai, Baba. Allah shi ƙara lahiya.”

Ba ta ɓata rai ba, ba ta ma tambayi dalili ba. Ta tsallaka titi, ta shiga shagon wani ɗan Dosso, bayan minti biyu ta fito hannu wofi tana dariya a waya. Yacouba ya bi ta da ido har ta sauka ramin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Iyakar abin ke nan. Kalma ɗaya ya faɗa, aka amsa masa da ba komai.

Aka fara yayyafi. Ya dafa tebur, ya ja ƙafar, ya miƙe da ƙyar daga kan akwatin don ya buɗe shi ya fito da laima.