Inna, Wadda Ta Ji Kukan Ruwa a Bango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukata, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna. Ta cika a ɗakinta bayan gajeriyar jinya, kanta a kan cinyata, taga a buɗe kamar yadda take so.

Inna, masu zuwa gaisuwa kowa da abin da yake tunawa da ke. Wata ta ce ke kika karɓi haihuwarta, wani ya ce ke kika shirya shi da ɗan'uwansa bayan doguwar gaba. Ni kuwa da zarar na lumshe ido, shekarar da bututan ruwan gidanmu suka lalace nake gani.

Lokacin ina da tsohon ciki, na fari, ɗanki kuma aiki ya kai shi nesa. Bututan roba ne masu ruwan toka, tun ginin mijinki, marigayi Baba, an binne su cikin bango, wasu an bi da su ta saman silin. Da farko danshi ne ya fito a bangon falo, fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. Mai gyaran famfo ya zo ya fasa wurin, ya yanke, ya haɗa da gam. Ba a yi nisa ba kicin ya ɗauka, sai banɗaki. Nakan tarar da ke kin kanga kunne a bango, kamar mai sauraron ƙirjin yaro marar lafiya. In na yi dariya sai ki ce, "Yi dariyarki, 'yar nan. Bangon nan kuka yake."

Ba ki bari gidan ya zama abin tsoro ba. Jikokinki in sun zo, sai ki jera su gaban tabon danshin, kina nuna musu: ga raƙumi ya durƙusa, ga kwalekwale, ga tsohuwa da tulu. Da la'asar rana takan faɗa cikin bahon da muka tara wa ɗigar ruwa, haskenta ya hau silin yana rawa. Ina kwance ina kallo, nauyin ciki ya saukar mini da kasala, har in ji kamar gidan ya tsinke daga ƙasa yana tafiya da mu a kan wani kogi marar gaɓa.

Wata rana bayan azahar kika shigo ɗakina, kika ɗaga kai, kika daɗe kina kallon silin. Kika ce, "Shi ma ya yi ciki kamar ke. Ɗauko filonki, yau a ɗakina za ki kwana." Kunya ta rufe ni. Ina ni ina gadon suruka? Na fara kame-kame, kika ce, "Kunyar ki bar ta nan, ruwa ya jiƙa ta." Kika ba ni gado, kika shimfiɗa tabarma, ke da gwiwoyinki suke hana ki barci.

Washegari muna shan shayi sai muka ji rugugi. Silin ɗakina ya rufto a kan gadon, da jiƙaƙƙen katako, da fanka, da ruwan da ya daɗe yana taruwa. Muka tsaya a bakin ƙofa muna kallo. Hannuna kawai kika riƙe, naki ya yi sanyi, leɓunanki suna motsi da tasbihi.

Da mai gyaran famfo ya ciro guntun bututun, ya murza shi sai ya ruguje kamar busasshen kara. Ya ce irin wannan robar daga ciki take tsufa, ido ba ya gani sai ta fashe. Ɗanki ya bugo waya yana cewa a ci gaba da faci har ya dawo. Kika karɓi wayar kika ce, "Tsohon zane ne, ka ɗinke nan, can ya yage. A cire duka." Nan take ya amince.

Makonni muka yi cikin ƙura da bugun guduma, ba ko ɗigo a famfo. A cikin haka na haihu. Ke kika riƙa ɗebo ruwa a maƙwabta da ƙaramin bokiti, kina hutawa a hanya, kina ɗora mini na wanka. Ko sau ɗaya ban ji kin ce kin gaji ba.

Da aiki ya zo ƙarshe kika roƙi mai gyaran ya fitar da famfo ɗaya waje, jikin katanga. Ya ce, "Inna, na mene ne?" Kika ce gidajen layin nan tare aka gina su, da roba iri ɗaya, nasu ma yana nan tafe. Haka kuwa aka yi. Gida bayan gida bangonsu ya fara tsatsafo, famfon nan ya zama madogarar layin.

Washegarin jana'izarki na leƙa waje da sassafe. Mata sun jeru da bokitai, ba mai hira, ba mai gardamar layi. Kowace in ta zo sai ta murɗa famfon a hankali, kamar tana gudun kada ta tashe ki.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana da ƙannensa, ga Gwaggo da ta rasa 'yar'uwa kuma abokiyar hira, ga jikoki, da maƙwabtan da suka yi kuka tare da mu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu zuwan.

Kin shayar da mutane, Inna. Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Amin.