Lakar da Gwaggo Ta Shafa wa Bagaruwa

Jiya ina dawowa daga kasuwar Ƙafin Maiyaki da jakina, na tsaya gindin bagaruwar bakin rafi. Tabon saran yana nan a jikinta. Sai marigayiya Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Shekarar da mai ɗakina ta haihu, kan nononta ya tsage har da jini. In jaririyar ta kama, uwar ta ciji zani tana hawaye. Yarinya sai ramewa take yi. Ni noma kawai na sani, na fara zancen nonon akuya.

Gwaggo ta ce, "Akuya ce ta haifa maka? Ɗauko gatari, sakarai."

Muka zo gindin bagaruwar nan. Ta yi bismilla, ta sa na sassaƙo ɓawonta kamar faɗin tafin hannu. Na ɗaga gatari zan ƙara, ta riƙe ni. Ta durƙusa da tsufanta, ta kwaɓa laka, ta shafe raunin bishiyar a hankali kamar mai lallashin jinjiri.

"Gwaggo, ana kuka a gida fa!"

"Na ji. Ba a warkar da wata a bar wata da ciwo."

Da muka koma gida ta dafa sassaƙen, ta gasa kan nonon da ruwan, ta shafa man kaɗanya, ta gyara wa yarinyar kamu. Kafin suna, daga bayan zana nake jin haɗiyarta.

Yau yarinyar goyo gare ta. Bagaruwar ma tana ta 'ya'ya.

Ya Allah, yadda baiwarKa ta rufe raunin itace, Ka lulluɓe ta da rahama, Ka sanyaya makwancinta.