Ranar da Inna Ta Kira Na'ura da Sunana

Ƙanina Nasiru ya sa an kwashi muryata an zuba a cikin na'ura, sannan ya ce in rage zuwa wurin uwarmu. Abin da aka yi mini ke nan, ba kuma zan yi masa kwalliya ba. Ni a aji biyu na sakandare na ajiye boko, lemo da kankana nake sayarwa a kasuwar Zuba. Shi darakta ne a wata ma'aikata, gidansa a cikin gari, ga maigadi ga janareto. Amma kafin in kai ga abin da na faɗa masa sai na koma wurin Iya, kakata, don ita ta fara ba ni labarin nan tun ban san nawa ba ne.

Ni ne ɗan fari, saboda haka ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya. Ƙauyenmu yana bayan Zuba, lokacin manyan motoci na ta wucewa da siminti da rodi ana ginin babban birnin tarayya. In an yi isha'i Iya takan tona garwashin da ya rage na tuwo, ta tura rogo a cikin toka, mu kewaye ta. Da ta gan ni sai ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane, kuma tatsuniya kake so?" Ni kuma in ce mai haƙora zan auro in rabu da ita. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta buga itace a dutsen murhu ta ce ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wuri? Mu ce ta zauna nan, sannan ta fara tatsuniya.

Inna, mahaifiyata, ba ta shiga cikinmu. Tana bakin madafa tana tsintar wake, ta ba mu gefe. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan", ko "mijin Iya". Nasiru kuwa a cinyarta ya girma, sunansa har waƙa take yi da shi. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, amma sanin bai hana ni jin zafi ba.

Akwai wata tatsuniya da Iya ke yawan maimaitawa. Wai wata mata ce aiki ya yi mata yawa, ga gona ga rafi, ga jariri mai kuka. Sai ta ɗauki turmi ta ɗaura masa zaninta, ta roƙi aljanin tsamiya ya ara wa turmin muryarta. Turmi ya riƙa rarrashi daga safe har yamma, ba gajiya ba tsawa, yaro ya daina kuka. Da aka gama girbi ta dawo ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, sai ya tsandara ihu ya rarrafa ya rungume turmi. Ta ɗauko gatari, ta tsaya, ta ajiye. Daga ranar kullum sai ta zagaya bayan turmi ta zauna shiru, turmi na waƙa, ita kuma ta zuro hannu tana shafa bayan ɗanta har ya yi barci.

Ni dai duk sanda aka zo nan sai in ce matar wawuya ce, da ni ne faskara turmin zan yi in gasa rogo da shi. Iya ta dungure mini kai ta ce, "To in ka faskara, wa zai kwana da kukan, sarkin zuciya?"

Iya ta rasu tun ban yi aure ba. Inna ta tsufa a gidan Nasiru, don can ne da likita kusa. Ciwon mantuwa ya kama ta a hankali. Ta fara sa gishiri a shayi, ta koma tambayar mutanen da aka binne tuntuni, daga baya in rana ta faɗi sai ta ɗaure kayanta a zani ta nufi ƙofa wai za ta tafi gida. Wata yamma na same ta tana kokawa da mai aiki a bakin get. Ban san abin da ya sa ba, na ƙwanƙwasa ƙarfen na ce ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wuri? Inna ta saki ƙullin kayan ta ce ta zauna nan. Ashe duk shekarun nan da take tsintar wake, ji take.

Na zaunar da ita na yi mata tatsuniya. Da na gama ta dube ni ta ce, "Habu, ƙara wata." Ciwon da ya cinye mata komai ya haɗa da kunyar. Na haura hamsin, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. A motar komawa Zuba fuskata na waje, kada kwandasta ya ga idona.

Daga nan kullum in na rufe rumfa sai in kama hanya. Gaskiya ba kullum nake isa da wuri ba. Akwai cunkoso, akwai ranar da tirela ke sauke kaya da yamma. In ban zo ba sai ta yi ta kuka har ta gaji.

Walida, 'yar Nasiru, tana karatun injiniya a jami'a. Ita da abokan karatunta aka ba su aikin ƙarshe na rukuni, suka ce za su ƙera mutum-mutumi mai taya masu ciwon mantuwa hira. Nasiru ya turo su har rumfata, suka gaishe ni a durƙushe, suka ce Baffa tatsuniyoyin nan suke so. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ba a taɓa neman wani abu daga kaina ba sai farashin kankana. Na zauna a bayan rumfa na zuba musu duk abin da Iya ta bar mini, har da ta turmin, ban ko lura ba. Suna ta gardama a kan ko za a yi masa fuska ko a'a, wani yaro Bayarabe a cikinsu yana cewa da Hausarsa, "Oga, murya naka zai taimaka mutane da yawa."

Abin da suka ƙera bai fi tulu tsayi ba, fari, da idanu masu haske, sun yafa masa ɗan mayafi. Da a ce bai yi aiki ba da na samu abin faɗa. Ya yi. Yana ganewa in ta fara neman ƙofa, sai ya yi sallama da muryata. Ba ya makara, ba ya gajiya in ta ce ƙara wata. Har amsa yake ba ta, da kalmomin da ni ban taɓa faɗa ba. Inna ta daina ɗaure kaya, ta koma cin abinci.

Ranar da na shiga na same ta tana shafa masa kai tana cewa, "Habu, ka ci abinci kuwa?" Na yi sallama. Ta dube ni, ta dubi abin, ta jawo shi jikinta tana tambayar wane ne wannan mai kwaikwayon ɗanta. Walida ta fita da gudu tana hawaye. Yarinyar ban riƙe ta a zuciya ba.

Nasiru ne ya ja ni falo, ya ce Yaya a yi haƙuri, likita ya ce jin muryar daga wuri biyu yana firgita ta, gara in riƙa zuwa ranar Juma'a kawai, in leƙa ta taga. Wai ai ni ma na huta da kuɗin mota.

Na dubi ƙofar ɗakin. Taɓarya ɗaya ta ishi abin nan. Amma daga inda nake tsaye ina jin dariyarta, an zo wurin da aka ɗaura wa turmi zani.

Na ce masa, "Nasiru, kai tun kana goye take kiran sunanka, ba ka san me kuka ɗauke mini ba. Ba zan fasa abinku ba, don ita za ta kwana da kukan. Amma ka gaya wa maigadinka kullum zan zo. Ba zan yi magana ba, ko tari ba zan yi ba. A ajiye mini tabarma a bayan abin naku. Muryar kun samu, hannu ne ba ku yi masa ba."